Sabuwar waya ta ƙi kwanta maka a rai: yadda za ka yanke shawarar mayarwa ko riƙewa

Kwana uku da sayen wayar, ɗoki ya fara sauka, ido ya fara buɗewa. Cajin da aka ce zai kai ka dare ba ya wuce la'asar. Bayanta na ɗaukar zafi ko ba ka yi wani aikin kirki da ita ba. Ka duba hoton da ta ɗauka, ka sake dubawa, ka ga kamar tsohuwar wayarka ta fi ta fito da fuska. Ka tambayi mutum biyu, ɗaya ya ce ka yi haƙuri za ka saba, ɗaya ya ce ka mayar tun da wuri. Kowannensu na iya yin gaskiya, domin akwai damuwar da sabo ke maganinta, akwai kuma wadda ko shekara ka yi da wayar tana nan daram. Aikin da ke gabanka shi ne ka gane wace iri ce taka, ka kuma gane kafin wa'adin mayarwa ya cika. Wannan wa'adin shi na fi so ka riƙe a duk bayanin nan. Na sha ganin wanda ya yi asara alhali wayarsa tana mayaruwa, ya tsaya yana cewa bari ya ƙara gani, har kwanakin suka ƙare masa.

Mataki na farko: nemo ranar da wa'adin zai cika

Kafin ka taɓa saitin komai, ɗauko rasit, ko saƙon da aka turo maka in ta intanet ka saya, ka karanta sharuɗɗan mayarwa. Abu huɗu kake nema: kwana nawa aka ba ka, daga wace rana ake fara ƙirga, kuɗi ake mayarwa ko canji kawai ake yi, sannan ko ana cire wani abu saboda an buɗe kwali. Idan ba a rubuta ba, kira wanda ya sayar maka yau, ka tambaye shi, ka nemi ya turo maka amsar a rubuce ko da saƙon waya ne.

Kwanakin sun bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma yawanci gajeru ne. Kamfanin Apple yana ba da kwana 14 ga wanda ya saya kai tsaye a hannunsa. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 daga ranar da kayan suka iso hannunsa, ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, sannan ta ɗora wa mai sayarwa alhakin lahani na aƙalla shekara 2. A Birtaniya dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kayan da suka zo da lahani ya karɓi kuɗinsa. Amma ko a waɗannan ƙasashe, wanda ya shiga kanti da ƙafarsa ya zaɓi waya lafiyayya, daga baya ya ji ba ya so, doka ba ta tilasta wa mai kanti ya karɓa ba, sai dai in shi ya yi alkawarin haka. Saboda haka kar ka ɗauki dokar wata ƙasa ko tsarin wani kamfani ka je kana jayayya da shi a inda ba ya aiki. Ka bi abin da ke kan takardarka da dokar inda ka saya.

Ka kuma raba abu biyu da mutane ke haɗawa: wa'adin mayarwa daban, garanti daban. Garantin kamfani galibi shekara ɗaya ne, kuma abin da yake ba ka shi ne gyara ko canji idan lahanin daga ƙira ne. Ba ya dawo maka da kuɗi don wayar ta yi maka nauyi a hannu.

Da ka samu ranar, ka ja baya da kwana biyu ko uku, ka sa wannan a matsayin ranar yanke shawara. Ka rubuta ta a inda idonka zai riƙa kaiwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwashe bayanai da goge waya da kai ta duk suna cin lokaci.

Mataki na biyu: riƙe ta kamar ta aro

Daga yanzu har ka yanke shawara, ka ɗauka wayar nan amana ce a hannunka. Sa mata riga. Kar ka kai ta kusa da ruwa ko da an rubuta ba ta jin ruwa, domin wayoyi da yawa suna da wata 'yar alama a cikin ramin sim da ke komawa ja idan danshi ya shiga, kuma ita masu karɓa ke fara haskawa. Tattara kwali, igiyar caji, allurar cire sim da takardu ka ajiye wuri ɗaya. Kar ka bari wani mai gyara ya buɗe ta, ko ya yi mata fulashin, wato ya sake ɗora mata manhajar da ke tafiyar da ita, ko da ya rantse minti biyar ne, don da zarar an ga alamar buɗewa magana ta ƙare. Tsohuwar wayarka kuma kar ka sayar, kar ka kyautar, kar ka goge ta tukuna. Da ita za ka gwada sabuwar, kuma ita za ka koma wa in ka mayar.

Mataki na uku: faɗi ƙorafinka da sunansa

"Wayar nan ba ta yi min ba" ba magana ce da za ka iya gwadawa ba, mai kanti ma ba zai iya yin komai da ita ba. Ɗauki takarda ka rubuta kowane abu da ke damunka a layi ɗaya, da lokacin da yake faruwa. Misali: caji ya sauka daga 100 zuwa 60 tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya, ina karatu kawai. Ko: in ina kira, wanda ke can yana cewa muryata na yankewa. Ko: babban yatsana ba ya kai saman allon.

In ka gama za ka ga ƙorafin ya kasu. Wani lahani ne, wato wayar ba ta yin abin da aka ƙera ta ta yi. Wani baƙunta ne: maɓalli ya sauya wuri, allon rubutu ya bambanta, ba ka san inda aka ɓoye wani saiti ba. Wanda ya baro Android ya koma iPhone, ko ya baro iPhone ya koma Android, ya fi kowa shan wannan, kuma mako ɗaya zuwa biyu kan isa hannu ya saba. Wani kuma rashin dacewa ne: wayar lafiyarta ƙalau, amma ba irin taka ba ce, ta yi girma, ta yi nauyi, ko rumbun ajiyarta ya yi maka kaɗan. Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba, wato zafin kuɗin da aka kashe. Wannan ma dalili ne na gaskiya. Idan sayen ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba a cikin buƙatun gidanka, ba sai ka ƙirƙiro wa wayar laifi ba, ka rubuta shi yadda yake.

Mataki na huɗu: tabbatar abin da ka biya shi aka ba ka

Shiga wajen danna lamba ka buga *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, mai lambobi 15. Gwada ta da wadda ke jikin kwali da wadda ke kan rasit. In sun saɓa, kar ka ɓata lokaci da sauran gwaji, wannan kaɗai ya isa dalilin mayarwa. Daga nan shiga saitin, sashen bayanin waya, ka duba sunan samfurin, girman rumbun ajiya da girman RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki da ita, ka ga ko sun yi daidai da abin da aka faɗa maka. Kar ka tsorata in ka ga wurin da ya rage bai kai abin da aka rubuta a kwali ba, manhajar da ke tafiyar da wayar ita ma tana cin nata kason.

Mai iPhone ya duba harafin farko na lambar samfur: M galibi sabuwa ce, F wadda kamfani ya gyara ya sake sayarwa, N wadda aka bayar a madadin wata. Daga iPhone 15 zuwa sama, sashen lafiyar batir yana nuna sau nawa aka cika caji da watan da aka fara amfani da ita. Wayar da aka sayar maka a matsayin sabuwa fil bai kamata ta nuna an daɗe ana caja ta ba.

Ka duba kuma ko don wace kasuwa aka ƙera ta, domin samfuri ɗaya kan zo da bambanci daga ƙasa zuwa ƙasa. Tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda aka yi don Amurka ba su da ramin sim, sai eSIM, wato sim da ba na kati ba, wanda ake saukewa a cikin wayar. Wayoyin Android da aka yi don kasuwar cikin gida ta Sin sukan zo babu manhajojin Google. Wasu kuma a kulle suke da layin kamfani ɗaya. Irin wannan ba ya gyaruwa da haƙuri.

Mataki na biyar: batir da zafi, inda aka fi yin kuskure

A nan zan ɗan daɗe, saboda mafi yawan ƙorafin sabuwar waya a nan yake, kuma a nan ake mayar da waya lafiyayya, a nan kuma ake riƙe mai ciwo.

A kwana biyu ko uku na farko wayar tana aikin da ba ka gani. Tana sauko da manhajojinka, tana jawo hotuna daga rumbun intanet, tana tantance su, tana jera saƙonni da lambobi don bincike ya yi sauri. Wannan aikin yana shan caji yana kuma kawo ɗumi. Kai ma a kwanakin nan ba ka ajiye ta, kana ta gwada kyamara da haske a ƙure. Ga kuma tsarin da ke koyon yadda kake amfani da waya don ya rage wa manhajojin da ba ka buɗewa cin batir, wanda Android ya shigo da shi tun 2018, shi ma sai ya ɗau kwanaki kafin ya daidaita. Hukuncin da ka yanke wa batir a rana ta farko ba adalci ba ne.

Abin yi shi ne wannan. Haɗa ta da waifai, ka sabunta manhajar wayar zuwa ta ƙarshe, ka sabunta sauran manhajoji, ka kashe ta ka kunna. Kar ka raina wannan matakin. A 2023 masu iPhone 15 Pro da yawa sun yi kukan zafi, kuma sabuntawar iOS 17.0.3 da ta fito a watan Oktoba na shekarar ita aka fitar don magance shi. Bayan sabuntawa ka bar ta ta kwana a caji da waifai dare ɗaya ko biyu ta gama aikinta.

A rana ta huɗu sai ka yi gwaji na gaskiya, kashi biyu. Na dare: cika ta, cire caja, rubuta kason da take kai, ajiye ta ka kwanta. Da safe in ta sauka kaɗan, lafiya. In ka tarar ta zubar da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye ba wanda ya taɓa ta, akwai abin da ke ci. Maimaita a dare na gaba, amma ka sa ta a yanayin jirgin sama. In zubar ta tsaya, matsalar daga raunin sabis ne ko wata manhaja, don waya tana ƙara ƙarfi wajen neman sabis in ya yi rauni. In ta ci gaba da zuba a haka, zargi ya koma kan batir ko kayan cikinta. Na rana kuma: yi amfani da ita yadda ka saba, da yamma ka shiga sashen batir a saitin ka ga awa nawa allon ya yi a kunne da manhajar da ta fi ci. Sau da yawa za ka tarar manhaja ɗaya ce ta cinye rabi. Duba kuma saurin motsin allo: allon da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa ya fi santsi a ido amma ya fi na 60 shan caji, kuma ana iya sauya shi.

Game da zafi, ɗumi lokacin caji mai sauri, ko wasa mai nauyi, ko ɗaukar dogon bidiyo, ko amfani da taswira a cikin rana, duk ba abin tsoro ba ne. Apple ma ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Celsius ba, to wanda ke riƙe da waya a tsakar rana dole ya ji ta ɗau zafi. Abin tsoro shi ne zafi tana ajiye ba a komai, ko zafin da ke sa ta kashe kanta a cikin inuwa. In kuwa ka ga bayanta ya kumbura, ko allon ya fara ɗagowa daga gefe, ko ka ji wani wari, cire ta daga caji, kashe ta, ajiye ta nesa da abin da wuta ke kamawa, kar ka ƙara gwada komai. Matsalar batir ce ta sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa a 2016. Batir mai kumburi ba a lallaɓa shi.

In kukanka jinkirin caji ne, fara zargin kan caja kafin waya. Tun iPhone 12 a 2020 da Galaxy S21 a 2021 manyan wayoyi da yawa ke zuwa babu kan caja a kwali, sai mutum ya jona sabuwar waya da tsohon kai mai rauni, ya ce ba ta cika da wuri. Ari kai mai ƙarfin da kamfanin ya ambata, da igiyar caji mai kyau, ka sake gwadawa.

Mataki na shida: bi sauran gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya

Ware awa ɗaya a wuri mai shiru. Fara da allo. Buɗe hoto fari tas ya cika fuskar wayar, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi. Kana neman ɗigon da ya ƙi sauya launi, ko layi siriri, ko wani gefe da ya rine. Baƙin ka duba shi a ɗaki mai duhu da haske a ƙasa-ƙasa, a nan lahani ke fitowa. Sai ka danne alamar wata manhaja ka ja ta a hankali ko'ina a fuskar allon, har kusurwoyi. In ta kuɓuce a wuri ɗaya kullum, wurin ba ya jin taɓi. A wayoyin Samsung da yawa lambar *#0*# tana buɗe shafin gwaji, manhajar Samsung Members ma tana da nata.

Kira wani ka yi magana ta kunne, sannan ta lasifika, ka tambaye shi yadda yake jin ka. Naɗi muryarka ka saurara. Gwada kowace kyamara, ta gaba da duk na baya, kusa da nesa, da rana da dare, bayan ka goge gilashinta ka kuma tabbatar ba leda a kai. Gwada blutut, waifai, taswira, hoton yatsa ko na fuska. Batun sabis kuwa, hanya mafi adalci ita ce ka tsaya wuri ɗaya, ka sa sim ɗin a sabuwar, ka sa shi a tsohuwar, ka gwada kira da saurin data. Kar ka dogara da yawan sandunan da ke sama, kowane kamfani da yadda yake zana nasa.

Wata rana ƙanwata ta miƙo min wayarta, kwana biyar da saye, ranta a ɓace. Ta ce, "Yaya, wayar nan mayar da ita zan yi. Duk kiran da na yi sai ta kashe min murya, ko ta katse." Na ce ta kira ni ina kallo. Tana kai wayar kunne na ga allon bai mutu ba, yana nan da haskensa, kumatunta na danna maɓallai. Na karkata wayar wajen taga, sai ga gilashin kariyar da aka manna mata ya hau sama ya rufe 'yar na'urar da ke gane an kai waya kunne, har da ƙura a maƙale a gefen. Muka ɓare shi, ta sake kira, allon ya mutu nan take. Tana amfani da wayar har yau. Tun daga nan duk wanda ya kawo min kukan taɓi ko na kira, nakan ce ya cire riga da gilashi tukuna.

In wayar na daskarewa ko tana kashe kanta ta kunna, a Android akwai yanayin da ake kira sef mod, wanda ke tsayar da duk manhajojin da kai ka saka. A yawancin wayoyi za ka danne maɓallin kashewa, sannan ka danne alamar kashewar da ta fito a allo har ta tambaye ka. Yi awanni a haka. In matsalar ta ɓace, wata manhaja ce, ka cire na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya. In tana nan, saura gwaji ɗaya: adana bayananka, mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, kar ka dawo da komai daga tsohuwar, ka yi yini ɗaya da ita a haka. Wayar da ke daskarewa tana wayam ba abin da za ka ƙara yi mata. Duk lahanin da ka gani, ɗauke shi a bidiyo da wata wayar, domin lahani yakan ɓuya a gaban mai kanti.

Mataki na bakwai: yanke shawara

Koma kan takardarka. Duk abin da ya tabbata lahani ne bayan sabuntawa da gogewa, mayar. Kar ka karɓi "za a gyara a sabuntawa ta gaba" a kan ɗigon allo, ko lasifika mai kwarmato, ko ramin caji mai girgiɗi, waɗannan ƙarfe ne da gilashi, manhaja ba ta ɗinke su. Ko a kan abin da manhaja za ta iya gyarawa, ra'ayina shi ne kar ka jingina kuɗinka da alkawarin da ba shi da rana. Ka auna wayar da abin da take yi yau.

Abin da ke na jiki ne, girma, nauyi, ko allon da ke sa maka ciwon kai, shi ma ba ya sauyawa. Wasu idanun ba sa jure yadda irin allon da ake kira OLED ke ƙyaftawa da sauri in an rage haske, kuma in kana cikinsu za ka ji tun makon farko. Ƙarancin rumbun ajiya ma kullum ƙaruwa yake, musamman da yake wayoyi da yawa yanzu ba sa ɗaukar memori. Waɗannan in sharuɗɗa sun yarda, mayar.

Baƙunta kuwa ka ba ta kwanakin da suka rage kafin ranar da ka sa. Launin hoto da ya yi maka yawa, allon rubutu, tsarin maɓallai, duk ana sauya su a saitin. Ka kuma yi wa kanka gaskiya a kan matakin wayar da ka saya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ƙaramar waya ba za ta ɗau hoton dare kamar babba ba, kuma in ka canza ta da wata sa'arta, abin da ka gudu shi za ka tarar. Tambayar da ke warware min irin wannan ruɗani ita ce: da a ce kuɗin na hannuna yanzu, da abin da na sani yau, zan sake sayen wannan wayar? In amsar a'a ce ba tare da dogon tunani ba, ka samu hukuncinka. Sai ka san wadda za ka saya a madadinta kafin ka fita, in da hali ka riƙe ta a hannu ka ji nauyinta.

Mataki na takwas: kwashe naka kafin ka miƙa

Bi wannan a jere, don tsallake ɗaya na iya jawo a ƙi karɓa ko ka rasa wani abu. Fara da adana hotuna, lambobi da takardu, ka buɗe su a wata na'ura ka tabbatar sun isa. Adana hirarrakin WhatsApp, ka tuna cewa abin da aka ajiye a Google Drive, rumbun intanet na Google, ba ya saukowa kai tsaye a iPhone, haka na iCloud, rumbun Apple, ba ya saukowa a Android, sai ta hanyar ƙaura ta musamman, kuma ita tana buƙatar wayoyin biyu a hannu. Sai manhajojin banki da masu ba da lambar tabbatarwa ta shiga asusu: mayar da su kan wayar da za ka riƙe tun wannan tana aiki. Wannan shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi wahalar gyarawa daga baya. In eSIM kake amfani da shi, mayar da layin ko ka tuntuɓi kamfanin layinka kafin ka goge shi.

Bayan haka fita daga asusunka. A iPhone kashe Find My, tsarin gano waya in ta ɓata, ka fita daga iCloud. A Android cire asusun Google da na kamfanin wayar, ka cire makullin allo. Dalili shi ne wayoyin nan suna da kariyar sata: in aka goge su asusu na ciki, za su nemi kalmar sirrin mai su kafin su buɗe, kuma babu mai kantin da zai karɓi waya a kulle. Raba ta da agogo ko abin kunnen da ka haɗa. Sannan ka goge ta gaba ɗaya ta cikin saitin, ka jira ta dawo shafin gaisuwa na farko. Cire sim da memori. In lahanin sai an nuna shi ido da ido, ka bar gogewar sai a gaban mai karɓa bayan ya gani, amma komai naka ya riga ya zama a adane.

Kafin ka rufe kwali ɗauki hoton wayar gaba da baya da gefuna huɗu a wuri mai haske, da hoton lambar IMEI, da na duk abin da ka saka a ciki.

Mataki na tara: ranar mayarwa

Je da rasit, da katin da ka biya da shi in da kati ne, da bidiyon lahanin. Faɗi magana gajeriya a natse: na saya ranar kaza, ga abin da take yi, ga abin da na gwada, ina cikin wa'adi, kuɗina nake so, ko canji nake so. Ka san wanda kake so tun daga gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in ta taɓa faɗuwa ka faɗa, in kuma lafiyarta ƙalau ba ta dace da kai ba ne kawai, ka faɗi haka, domin za su gwada, kuma ƙaryar da aka kama tana ɓata har haƙƙin da kake da shi.

Abin da za ka fi kiyayewa shi ne "bar ta mu duba, ka dawo mako mai zuwa". Wani lokaci da gaskiya ake faɗa, amma in ka bar ta ba takarda, kwanakinka na iya ƙarewa tana hannunsu, maganar mayarwa ta koma maganar gyara. In dole sai ta kwana, karɓi takarda mai kwanan wata, da lambar IMEI, da yanayin jikinta, a kuma rubuta cewa mayarwa ka kawo ta. In canji aka ba ka, tambaya ko sabuwa ce ko gyararriya, buɗe ta a wurin, buga *#06#, duba allo, ka nemi a gyara rasit ya ɗauki sabuwar lamba. In an ce za a cire wani abu daga kuɗin, nemi a nuna maka inda aka rubuta, ka kuma tuna cewa irin wannan cirewa ta fi shafar wanda ya fasa don ra'ayi, ba wanda aka sayar wa mai lahani ba.

Wanda ya saya ta intanet ya buɗe buƙatar mayarwa ta shafin da ya saya, ba ta kiran baki kawai ba, don ranar ta shiga rubuce. Ya naɗi bidiyo yana shirya kwalin, ya aika ta hanyar da ke ba da lambar bibiya, ya ajiye takardar aikawa har kuɗin su shigo. In wayar ta zo da yarjejeniyar layi ko biya kaɗan-kaɗan, a tabbatar an soke wannan ma a rubuce, don mayar da waya ba kullum yake tsayar da cirar kuɗi ba.

In wa'adin ya riga ya wuce

Lahani yana nan a ƙarƙashin garanti, kai ta cibiyar gyara da kamfanin ya amince da ita, da rasit da bidiyo, bayan ka adana bayananka domin sukan goge waya. Ajiye takardar kowane gyara. In abu ɗaya ya dawo bayan an gyara, takardun nan su za ka nuna ka nemi canji, ko ka kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka. In kuwa wayar lafiyarta ƙalau kai ne ba ka so, tambayi mai kantin ko zai karɓa ya ba ka wata ka cika ko a cika maka. In bai yarda ba kuma ka tabbata ba za ka riƙe ta ba, sayar da ita tun tana da kwalinta da rasit da sauran garanti, kafin samfurin da zai gaje ta ya fito darajarta ta sauka, ka kuma bi duk abin da ke mataki na takwas kafin ta bar hannunka.